La Villita: Unguwar masu ƙaramin ƙarfi da iyalan Meziko suka raya a birnin Shikago

A kudu maso yammacin birnin Shikago da ke Jihar Illinois ta ƙasar Amurka, tazarar kimanin kilomita 8 daga dogayen benayen tsakiyar gari, akwai wata ƙofa da aka gina ta ƙetare Titi na 26 daga wannan gefe zuwa wancan. An rufa mata jan tayil irin na garuruwan Meziko, an kafa agogo a tsakiyarta, an kuma rubuta maraba da baƙi da harshen Sifaniyanci. Duk wanda ya bi ta ƙarƙashinta ya shiga unguwar da takardun hukuma ke kira South Lawndale, masu jin Ingilishi ke kira Little Village, masu ita kuma ke kira La Villita, wato ɗan ƙaramin gari.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta nuna mutum dubu 71 da 'yan kai ne ke zaune a unguwar, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na su 'yan asalin Latin Amurka ne, galibi daga Meziko. Abu biyu aka fi sanin ta da su: sauƙin kuɗin haya idan aka gwada da sauran sassan birnin, da kuma yawan iyali, domin da wuya a bi layi ɗaya ba a ga kaka zaune a bakin ƙofa tana gadin jikoki ba. Sai dai wannan sauƙi ba kyauta ba ce daga gwamnati. Mazauna ne suka haɗa shi da hannunsu, suka kuma biya farashinsa da lafiyarsu da guminsu. Abin da ke damun su a yau shi ne ko 'ya'yansu za su iya ci gaba da zama a wurin.

Unguwar da ta sauya hannu

Ba 'yan Meziko ne suka sari unguwar ba. Bayan babbar gobarar da ta cinye tsakiyar Shikago a 1871, baƙi daga Turai suka fara gini a yankin, Jamusawa da farko, sannan 'yan Cek, daga baya kuma 'yan Folan. Masana'antu ne suka janyo su, irin su kamfanin ƙera injinan noma na McCormick da masana'antar kayan wayar tarho ta Western Electric da ke garin Cicero, maƙwabcin unguwar ta yamma. A nan Anton Cermak ya zauna, ɗan Cek ɗin da aka zaɓa magajin garin Shikago a 1931, aka harbe shi a Miami a 1933. Har gobe titin da ya ratsa arewacin unguwar sunansa yake ɗauke da shi.

Daga shekarun 1960 jikokin waɗannan Turawa suka riƙa komawa garuruwan bayan gari. A daidai lokacin ne ginin Jami'ar Illinois reshen Shikago, wadda aka buɗe a 1965, ya tashi iyalan Meziko da dama daga tsohon mazauninsu kusa da tsakiyar gari. Suka gangara unguwar Pilsen, da ta cika suka ƙara gaba zuwa yamma. Kafin shekarar 1980 sun zama mafi rinjaye a La Villita, sababbin zuwa daga jihohin Michoacán da Jalisco da Guanajuato da Durango suna ta biyo sawun 'yan uwa.

Sawun masu wurin na farko bai goge ba. Babban filin wasan yara na yammacin unguwar sunan wata 'yar asalin Folan yake amsawa, Piotrowski. Majami'ar St. Agnes ta Bohemia, wadda 'yan Cek suka gina da taro da sisinsu, tana nan cike da jama'a duk Lahadi, illa dai yawancin addu'o'in yanzu da Sifaniyanci ake yin su. Ƙofar Titi na 26 kuwa an gina ta a 1990, gwamnatin Meziko ta ba da kyautar agogon a 1991, majalisar birnin kuma ta sanya ta cikin gine-ginen tarihi a 2022.

Gida ɗaya, iyali uku

Sirrin sauƙin rayuwa a La Villita yana cikin irin gidajen da Turawan suka bari. Yawancinsu gine-ginen jan bulo ne masu hawa biyu ko uku, da suka haura shekara 100, kowane hawa da ɗakunan kwanansa da ɗakin girkinsa da ƙofarsa. Irin waɗannan gidaje masu sassa biyu zuwa huɗu su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na muhallin birnin Shikago baki ɗaya.

Lissafin a bayyane yake. Magidanci ya ci bashin banki ya sayi gida, ya zauna a hawan ƙasa da iyalinsa, ya ba da hawan sama haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan wani kaso na bashin. Sau da yawa ɗan hayar ƙane ne, ko suruki, ko ɗan garinsu da ya iso kwanan nan. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gyara shi a sa tsohuwa ko ɗan da ya yi sabon aure. Tunda mai gida da ɗan haya tsani ɗaya suke hawa, kuma majami'a ɗaya suke zuwa, ba a cika tsawwala kuɗin haya ba, idan wata ya zo da matsi kuma a kan yi wa juna uzuri. Kaka tana reno, don haka uwa ta fita aiki ba tare da biyan kuɗin gidan rainon yara ba, wanda a Amurka kan lashe kaso mai tsoka na albashi. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Kubwa ya wayi gari a Sakatariyar Tarayya ya san yadda tsadar haya ke korar mai ƙaramin albashi zuwa nesa da wurin aikinsa. Abin da gidan hawa biyu ya yi wa iyalan La Villita shi ne ya bar su cikin gari, kusa da layin jirgin ƙasa da ke kai mutum tsakiyar birni cikin ƙasa da rabin sa'a.

Kuɗin kafin alƙalamin sayen gida ma sau da yawa ba daga banki yake fitowa ba. 'Yan Meziko suna da adashinsu da suke kira tanda: mutum goma ko fiye su riƙa zubi duk mako, a riƙa kwasa bi da bi. Waɗanda ba su da takardun izinin zama kuwa suna amfani da lambar biyan haraji da hukumar tara haraji ta Amurka ke bayarwa tun 1996, wasu cibiyoyin kuɗi kuma suna karɓar ta su ba da bashin gida. Wani bankin Titi na 26 mai suna Second Federal ya yi fice a wannan harka. Da ya durƙushe a 2012, bayan rikicin bashin gidaje da ya girgiza Amurka, hankalin ɗaruruwan magidanta ya tashi, don gudun kada a sayar da basussukansu ga waɗanda za su ƙwace gidajen. Sai a 2013 wata ƙungiyar ajiya da lamuni mai suna Self-Help ta karɓi rassan bankin, aka samu sararawa.

Daga asuba zuwa dare

Unguwar ba ta jiran fitowar rana. Tun ƙarfe huɗu na asuba mata masu sayar da tamale sun kafa amalankensu a kusurwoyin titi. Tamale ƙullin masara ne da ake cusa wa nama ko cuku da yaji, a naɗe a bawon masara a turara, kamar dai yadda ake alala a ganye. Tare da shi ake sayar da champurrado, wani kunun masara mai kauri da ake haɗawa da cakulan. A watan Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa, kofin kunun nan shi ne abin da ke riƙe ma'aikaci kafin ya isa bakin aiki. Shekaru da dama sana'ar ta kasance haramtacciya a dokar birnin, 'yan sanda suna cin masu ita tara. Sai a 2015 majalisar birnin ta halatta sayar da abinci a amalanke, bisa sharaɗin a dafa shi a ɗakin girki mai lasisi, sharaɗin da ya yi wa masu ƙaramin jari nauyi.

Masu sayen na farko su ne ma'aikatan wucin gadi da ke jiran motocin da za su kwashe su zuwa masana'antu da rumbunan ajiyar kaya a garuruwan kewaye. Direbobin waɗannan motoci, da ake kira raiteros, su ne kan haɗa mutum da kamfanin ɗaukar ma'aikata, su kuma cire kuɗin mota daga ladarsa. Mafi ƙarancin albashi a cikin birnin Shikago ya kai dala 16.60 a sa'a a watan Yulin 2025, na jihar kuwa dala 15 ne a lokacin. Adadin zai yi wa mai lissafi da naira girma a kunne, amma idan aka cire haya da kuɗin ɗumama ɗaki da inshorar mota, abin da ya rage ba ya kai iyali ƙarshen wata sai mutum biyu ko uku na gidan suna aiki.

Da hantsi layuka sukan koma hannun iyaye mata da kakanni masu raka yara makaranta. Da la'asar, a lokacin zafi, sai a ji ƙararrawar mai tura amalanken ƙanƙara mai ɗanɗanon mangwaro ko tsamiya, ga mai masara yana shafa mata mayonis da cuku da barkono da lemun tsami. Magidanta su fito da kujeru bakin ƙofa, a kunna rediyo, yara su buga ƙwallo a lungun bayan gida. A lokacin hunturu kuma akwai wata al'ada ta Shikago da unguwar ta rungume: wanda ya sha wahalar share dusar ƙanƙara daga inda yake ajiye mota, sai ya dasa tsohuwar kujera ko bokiti a wurin, kuma kowa ya san ɗauke ta neman rigima ne.

Titi na 26 shi ne kasuwar unguwar, tsawonsa kimanin kilomita 3, da ɗaruruwan shaguna a jere. An daɗe ana yi masa kirarin cewa in ban da babban titin Michigan na masu hannu da shuni, babu inda kuɗi ke juyawa a Shikago kamarsa. Akwai gidajen burodi, da mahauta, da masu takalman fata da malafar makiyaya, da shagunan manyan riguna na bikin quinceañera, wanda ake yi wa yarinya idan ta cika shekara 15. Bikin kan ci dubban daloli, amma ba uba kaɗai ke ɗauka ba: wannan ɗan uwa ya ɗauki nauyin riga, wancan ya ɗauki na makaɗa, wata ta ɗauki na kek, a kira kowannensu uban biki ko uwar biki. A ƙarshen mako iyalai daga jihohin Indiana da Wisconsin da Michigan kan tuƙo mota su zo sayen abin da ba sa samu a inda suke.

A kusan kowane layi akwai shagon aika kuɗi gida. A 2024 kaɗai, kuɗin da 'yan Meziko mazauna waje suka aika ƙasarsu ya haura dala biliyan 64. Da yawa daga magidantan La Villita suna biyan bashin gida a Shikago, suna kuma ɗora bulo a kan bulo a ƙauyensu na asali. Gida biyu dai maganin gobara.

Araha ba ta ado

Dalilin da ya sa masu kuɗi ba su yi rububin unguwar ba tsawon shekaru yana tsaye a gefunanta. Ta gabas, a mahaɗar Titi na 26 da titin California, akwai gidan yarin Gundumar Cook, ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka, da babbar kotun hukunta masu laifi. Ta kudu akwai magudanar ruwan masana'antu da babbar hanyar manyan motoci. A wannan gefen ne tashar wutar lantarki ta Crawford, mai ƙona kwal, ta yi ta fesa hayaƙi tun shekarun 1920. Wani bincike da masana daga Jami'ar Harvard suka yi a farkon shekarun 2000 ya danganta ta, ita da takwararta ta Fisk da ke Pilsen, da mutuwar mutum 41 kafin lokacinsu da tashin cutar asma sau 2,800 a kowace shekara.

Akwai kuma matsalar 'yan daba. Gungu biyu sun daɗe da raba unguwar gabas da yamma, har ya zama matashi kan yi tunani kafin ya tsallaka wasu layuka, ko da kuwa gidan gwaggonsa za shi. A watan Maris na 2021 wani ɗan sanda ya harbe Adam Toledo, yaro ɗan shekara 13, a wani lungun unguwar bayan ya bi shi da gudu cikin dare, lamarin da ya jawo zanga-zanga a faɗin birnin. A lokacin annobar korona ma unguwar na cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a jihar, domin aikin masana'anta da na ɗakin girki ba a yin su daga gida, kuma cunkoson da ke sauƙaƙa haya shi ne ke sauƙaƙa wa cuta yaɗuwa.

Kwana 19 babu abinci

Abin da ya bambanta La Villita da sauran unguwannin talakawa shi ne yadda mazaunanta suka iya haɗa kai su matsa wa hukuma. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ilimi ta birnin ta yi alkawarin gina sababbin makarantun sakandare uku. Ta gina biyu na zaɓaɓɓun ɗalibai a arewacin gari, ta ce kuɗin ta La Villita babu. Ranar 13 ga Mayun 2001, wadda ta dace da ranar iyaye mata a Amurka, mutum 14, galibinsu iyaye mata da kakanni, suka kafa tantuna a filin da aka ware suka shiga yajin cin abinci. Kwana 19 suka yi. Hukuma ta sauko, aka buɗe makarantar a 2005, da ƙananan makarantu huɗu a harabarta.

Yaƙin hayaƙi ya fi wannan tsawo. Wata ƙungiyar kare muhalli ta unguwar ta shafe fiye da shekara 10 tana bi gida-gida, tana zagayawa da baƙi su ga wuraren da ke gurɓata iska, har aka rufe tashar Crawford a 2012. Jagorarta, Kimberly Wasserman, wadda ta shiga gwagwarmayar bayan jaririnta ya kamu da asma, ta samu lambar yabo ta Goldman a 2013. A ƙarshen 2014 kuma aka buɗe filin shaƙatawa na La Villita mai faɗin eka 22, a kan wani fili da tsohuwar masana'antar kwalta ta gurɓata, bayan an gyara shi. A fagen siyasa, unguwar ce ta fitar da Jesús García, haifaffen Durango, wanda ya zama kansila a 1986, ya kuma shiga Majalisar Wakilan Amurka a 2019.

Nasarar ba ta zo a cike ba. Kamfanin Hilco da ya sayi filin Crawford ya sa aka rushe dogon bututun hayaƙin tashar da nakiya ranar 11 ga Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona. Ƙura ta turnuƙe layuka, ta shiga gidajen mutanen da aka umarta su zauna a gida saboda cutar numfashi. Birnin ya ci tarar dala dubu 68, adadin da mazauna suka ɗauka a matsayin raini, daga baya ƙarar haɗin gwiwa ta kai ga sulhun sama da dala miliyan 12. A filin yanzu akwai katafaren rumbun ajiyar kaya na kamfanin Target. Hayaƙin kwal ya tafi, na manyan motocin dizal ya maye gurbinsa.

Zaman ɗar-ɗar

A gida ɗaya na La Villita ana iya samun uba marar takardu, uwa mai izinin zama, da yara 'yan ƙasa, tunda gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa. Tun 1985, zamanin magajin gari Harold Washington, Shikago ta hana ma'aikatanta tambayar mutum takardun shige da fice kafin a yi masa hidima, jihar ma ta yi dokar da ta taƙaita haɗin kan 'yan sanda da jami'an tarayya a 2017. Amma waɗannan dokoki ba su hana jami'an tarayya shigowa da kansu ba.

Da gwamnatin Donald Trump ta ƙaddamar da samame na musamman a yankin Shikago a watan Satumbar 2025, La Villita na cikin wuraren da aka fi kai wa. Ciniki ya ja baya a Titi na 26, masu amalanke da dama suka daina fitowa, wasu iyaye suka riƙa roƙon maƙwabta su kai musu yara makaranta. Mazauna suka rarraba usur, wanda ya hango motar jami'ai ya busa, na gaba ya amsa. Wasu kuma suka riƙa tara kuɗi su saye tamalen mai talla kakaf tun da sassafe, don ta koma gida da wuri, su raba abincin ga mabuƙata. Duk da haka, faretin tunawa da 'yancin kan Meziko da aka saba yi a titin kowace Satumba bai fasa ba.

Wa zai rage?

Barazanar da ta fi daɗewa ba ta zuwa da jiniya. A Pilsen, unguwar da ke gabas da La Villita, kusanci da tsakiyar gari da kyawun tsofaffin gine-gine sun janyo masu kuɗi, haya ta tashi, dubban 'yan asalin Meziko suka tattara suka bar ta. A 2022 harajin gida na matsakaicin magidanci a can ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100 a shekara ɗaya. Idan haraji ya tashi haka, mai gidan da ke ragawa ƙanensa a kuɗin haya ba shi da zaɓi: ko ya ƙara, ko ya sayar. Mai saye kuma sau da yawa yakan fasa bangon da ya raba sassan ya mayar da gidan na iyali ɗaya. Ta wannan hanya da ta rushe-rushe birnin ya yi asarar dubban gidaje masu sassa biyu zuwa huɗu, abin da ya sa a 2021 majalisar birnin ta yi dokar taƙaita hakan a Pilsen da wani yanki na arewa maso yamma.

Alamun sun fara bayyana a La Villita. Babbar kasuwar rumfuna ta Discount Mall da ke gefen ƙofar unguwar, inda ƙananan 'yan kasuwa suka shafe kusan shekara 30 suna sayar da sutura da kayan kiɗa da kayan biki, an sayar da ita ga wani kamfanin gine-gine a 2020, kuma a 2023 gommai daga cikinsu suka rasa rumfunansu. Yawan jama'ar unguwar ya sauko daga sama da dubu 91 a shekarar 2000 zuwa dubu 71 a 2020. Wasu sun tafi ne don sun samu ci gaba, sun sayi gida mai fili a Cicero ko Berwyn. Wasu haya ce ta kore su. Ƙaurar sababbin baƙi daga Meziko ma ta ragu, haihuwa ta yi ƙasa, azuzuwan makarantun firamare sun fara yin fili.

Iyayen da suka yi yajin cin abinci sun samar wa unguwar makaranta, waɗanda suka yi yaƙi da hayaƙi sun samar mata filin wasa da iska mai dama-dama. Kowane gyara daga cikin waɗannan ya ƙara wa gidajen unguwar daraja a idon mai saye daga waje. Shi ya sa a tarukan ƙungiyoyin unguwar a yau maganar harajin gida, da lasisin masu amalanke, da yadda za a taimaki ɗan haya ya sayi gidan da yake ciki, ta zama ita ce kan gaba. Ɗaliban farko na makarantar da aka buɗe a 2005 yanzu sun haura shekara 30, da yawansu da aure da 'ya'ya. Ko za su iya sayen gidan hawa biyu a layin da aka haife su, su sa iyayensu a hawan ƙasa, shi ne zai nuna ko La Villita za ta ci gaba da zama unguwar iyali, ko kuwa sunan da ƙofar ne kawai za su rage.